Ragowar Akushi

Ni aka yi wa aikin rage tumbi, amma matata ce ta rame. Muna gida ɗaya a unguwar Rikoto cikin Zuru, muna kwana ɗaki ɗaya, wata da watanni ban gani ba. Idona yana kan cikina.

Sai na fara faɗin yadda muke cin abinci a gidanmu, don in ba a san wannan ba, ba za a gane sauran ba.

Ina saurayi na yi wa matata golmo, wato noman da saurayi yake yi wa iyayen yarinya damina bayan damina kafin a ba shi ita. Gonar mahaifinta tana jikin dutse. Ni da abokaina muke hawa tun rana ba ta fito ba. In rana ta take, sai ta hawo da abinci a ka. Na abokaina a babbar ƙwarya, nawa a wani baƙin akushi na uwarta, an rufe da faifai. Ba ta zama kusa da mu. Takan tsaya can gindin ɗorawa tana duban wani wuri, kamar ba ta taɓa ganina ba.

Wata rana na lura leɓenta a bushe yake. A gidansu sai an sallami manoma kafin mata su ci, ke nan da yunwa take hawa dutsen nan. Sai na ci rabin tuwon, na tura ɗan naman da aka sa mini ƙarƙashin wanda ya rage, na rufe da faifai, na miƙa mata. Ta ɗauka ta kama hanyar sauka, na ga ta ratse bayan wani dutse. Washegari tuwon da ta kawo ya fi na jiya yawa, kuma ta ƙi yarda mu haɗa ido.

Daga nan abin ya zauna. Na shiga soja kamar yawancin samarin ƙasarmu, aka yi aure, uwarta ta ba ta akushin. Duk barikin da aka kai mu yana cikin akwatin ƙarfe tare da kayana. Ita ba ta taɓa zuba nata abincin daban ba. Za ta kawo mini, in ci, in ɓoye nama a ƙasa, in rufe, ta ɗauka ta tafi bayan madafa ta ci. Ko sau ɗaya ba mu taɓa maganar naman nan ba. In an tura ni wani wuri, kamar lokacin da muka je Laberiya, da yara take ci. Ta ce mini a lokacin cin magani take yi wa abinci.

A nan kuma ƙibata ta samo asali, ko da yake laifin nawa ne, ba nata ba. Ni mutum ne mai haɗama. Ina ƙara ci, tana ƙara tuwo don ragowar ta ishe ta. Tana ƙarawa, ina ƙara ci. Ina cikin soja fareti yana cinye wani abu. Da na yi ritaya na dawo Zuru na kafa injin niƙa, sai ya zama aikina zama a benci daga safe zuwa yamma. Mai ƙosai ta wuce in tsayar da ita, mai kunun zaƙi ta wuce in tsayar da ita. Cikin 'yan shekaru na zama abin nuni. Masu kabu-kabu in na ɗaga hannu sai su ce, "Saje, sai dai mu yi sawu biyu." Ina dariya tare da su. Gwiwoyina suka fara ciwo, suga ya shigo, hawan jini ya biyo shi. In ina barci numfashina yakan ɗauke har sai ta zungure ni. Gonar jikin dutsen nan, wadda daga baya ta zama tamu, na daina hawa. Daga ƙofar gida nake hangen ta tana yin kore tana bushewa.

'Yarmu ta fari ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a Abuja. Ita ta zo ta dube ni ta ce, "Baba, in aka bar ka haka, ba za ka ga auren autarmu ba." Ita da mijinta suka shirya komai, ta kai ni Indiya. Wannan a shekarun da wayar hannu ta gama shiga kowane gida ne a Zuru. Ban fahimci Turancin likitan ba, ita take mayar mini. Abin da na riƙe shi ne za a yanke yawancin tumbina a ɗinke sauran, ya koma ɗan siriri. Likitan ya ɗauko wani ƙaramin kofi ya nuna mini, ya ce cikina ke nan daga yau. Na yi dariya, na zaci wasa yake yi.

Da muka dawo, 'yata ta kwana biyu tana koya wa uwarta. Romo a tace, babu mai. Kunu marar suga. Daga baya ƙwai, kifi, wake a dama shi laushi. Kada in sha ruwa ina cikin ci. Kada in kusanci lemon kwalba. In tauna kowace loma har ta zama ruwa. Ranar da za ta koma ta ɗauko akushin ta miƙa wa uwarta.

"Mama, wannan ki ɗaga shi. Kofin nan shi ne kwanonsa yanzu."

Matata ta karɓa da hannu biyu. Ta wanke shi, ta shafe shi da man gyaɗa, ta ɗora can saman kabad, ta kife faifan a kai. Ina zaune ina kallo. Abin da ke raina a lokacin shi ne tuwon da ba zan ƙara ci ba. Ban tambayi kaina ba, to ita a ina za ta ci.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa ba. Ciki ya cika da cokali kaɗan, amma baki da ido da hannu suna nan da yunwarsu ta da. Da yamma in maƙwabta suka ɗora miya, ƙamshin daddawa ya tsallako katanga, sai in ji kamar an yi mini rasuwa. Hannuna na dama yakan dunƙule da kansa a kan cinyata, yana gyara lomar da babu ita. Nakan zauna in tuna tuwon dawa mai zafi, yadda ake huda shi da babban yatsa a ɗebo miyar kuka, man shanu yana bin gefen hannu. Ba abincin biki nake bege ba. Wanda na ci kullum ban taɓa gode masa ba, shi nake bege.

A makon farko ta tuƙa ɗan tuwo a ƙaramar tukunya. Ina ɗaki na ji ƙarar muciya, na ji ƙamshin. Na fito na tsaya a ƙofar madafa na ce, "Ke ba ki da tausayi ne? Ina fama da kofi kina tuƙa mini tuwo a hanci? Kada a ƙara tuƙa tuwo a gidan nan sai na ce."

Ta ce, "To, Maigida."

Ta sauke tukunyar, ta kai wa maƙwabta. Yara duk sun watse, auta tana makaranta a Sakkwato. Mu biyu ne a gidan.

Ba ni da abin awo a gida, sai na riƙa zuwa wurin 'yan hatsi ranar kasuwa, in hau sikelin da suke auna buhuna. Da farko abin ya yi daɗi. Kowane mako sai an ja ƙarfen sikelin baya. Suna tsokanata, "Saje, yau an zubar da tiya nawa?" Ina ba su amsa. Sai kuma abin ya tsaya. Mako ya bi mako, ƙarfen yana wuri ɗaya, in ya motsa ma kamar kunya yake ji. Mutane sun zaci zan dawo daga Indiya kamar sanda, ga ni nan da tumbina, ya ɗan saki kawai kamar buhun da aka ɗiba kaɗan. Wani ya ce ko likitan ya manta bai yanka ba. Na daina dariya.

Na kira 'yata, ta ce haka jiki yake yi, yakan tsaya ya huta, in yi haƙuri in riƙa tafiya da ƙafa. Ta tambaya ko ina shan wani abu mai zaƙi. Na ce a'a. Alhali na riga na gano cewa abin da yake ruwa ba ya tsayawa a sabon tumbin, wucewa yake yi salin-alin. A bakin inji ina shan kunun zaƙi kaɗan-kaɗan tun safe har la'asar, ina ce wa kaina ai ruwa ne. In na dawo daga sikeli da ɓacin rai kuwa, a kan matata nake saukewa.

"Kin sa mai a romon nan."

"Saje, ko ɗigo ban sa ba." In ta kira ni Saje, to ranta ya sosu.

"Ga shi nan yana ƙyalli."

"Na kifin ne."

"To gobe ki samo kifin da ba shi da mai."

Haka muka yi ta yi har aka yi shuka, har dawa ta kai gwiwa.

Akwai wani mahauci a kasuwa, mutumin wajen Argungu, abokin wasana tun dawowata. Shi musulmi, ni kirista, ba mu taɓa rabuwa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Wurinsa matata take sayen nama shekara da shekaru. Ran nan na sauko daga sikeli na biyo ta gaban teburinsa, fuskata a murtuke. Ya ɗago wuƙa ya nuna ni.

"Saje, tsaya in tambaye ka. Wai wa anka yi ma aikin ga, kai ko uwargida?"

Na ce, "Ka ji da ƙudajenka."

"A'a, da gaske nikai. Kai ga ka nan kamar rumbu. Ita ko shekaranjiya ta wuce nan, sai da ta gaishe ni na gane ta. Ta bar sayen nama, na ce ko wani mahauci ya ƙwace min ita. Mi kaka ba ta a gida, iska?"

Na ba shi wata amsa da ban tuna ba. Amma na kasa zama a inji ranar. Na rufe na nufi gida da rana tsaka.

Tana tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na tsaya a zaure na dube ta kamar yadda ake duban baƙo. Zanenta ya zagaye ta ya wuce inda ya saba tsayawa. Ƙasusuwan wuyanta sun fito. Zoben aurenmu na coci ta naɗa masa zare don kada ya zame. Wannan matar da take ɗaukar buhun dawa daga bakin inji zuwa gida ba ta huta ba, na ga ta dafa ƙasa kafin ta miƙe.

Na wuce madafa. Tukunyar tuwo tana kife a kusurwa. Muciya tana rataye, zanzaro ya gina gidansa a jikinta.

Na fito na ce, "Me kika ci yau?"

"Na ci."

"Me?"

"Na sha shayi."

"Jiya fa?"

"Na jiƙa gari." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Kuma nakan taɓa ɗan romon da ya rage a tukunya."

Ban iya ba da haƙuri ba, ban taɓa koyo ba. Abin da na iya shi ne ba da umarni. Na ce ta tashi yanzu ta tuƙa tuwo, ta yi miya, ta ci. Ta tashi ta yi. Ta zuba a farantin roba, ta zauna a kujerar tsugunno, ni kuma na tsaya a kanta kamar mai gadin fursuna. Ta kai loma biyu, ta uku ta tsaya a hannunta.

"Ba ya wucewa."

"Me ya same shi?"

"Ba komai." Ta daɗe tana duban farantin. "Abincin da ba a taɓa ba, kamar na gidan mutane yake mini."

Na kai ta asibiti aka yi gwaje-gwaje. A shekarun nan in matar tsohon soja ta fara ramewa, abu ɗaya mutane suke kawowa a ransu, wato ƙanjamau, kuma na ga yadda wasu matan zumunta suka fara ja da baya in ta zauna a coci. Gwaji bai nuna komai ba. Aka ba ta maganin ƙarin jini da na buɗe ciki. Ta sha. Ta ci gaba da tuƙa tuwon tunda na ce, tana taɓa kaɗan, sauran ya tafi maƙwabta. Zaren zoben ya ƙaru.

Wata Asabar ta tafi ɗebo ruwa, na jawo kujera gaban kabad. Mutum mai nauyina bai kamata ya hau kujera ba. Ta yi ƙara, ni ma na yi addu'a. Na lalubo akushin na sauko da shi, ƙura ta lulluɓe faifan. Da ta dawo ta same shi a kan tabarma, na goge shi da gefen rigata.

Ta ajiye bokiti. "Wa ya sauko da wannan?"

"Ni. Yau a nan za ki zuba mini. Ki cika shi kamar da. Ki je wurin mutumin Argungu ki ce ya ba ki ƙirji."

"'Yarka za ta kashe ni."

"Ita saje ce ko ni?"

"Za ka yi wa kanka lahani, Maigida."

"Ki dai zuba."

Da la'asar sakaliya ta kawo. Na buɗe faifan, tururi ya bugi fuskata. Gaskiya a lokacin ba ita ce a raina ba, tuwon ne. Na gutsuri kamar kan babban yatsa, na jiƙa shi sosai da miya, na sa a baki. Na tauna har ya narke. Na ƙara ɗaya. Na ƙara ɗaya. Cikina ya ce ya isa, bakina yana kuka. Sai na huda tuwon ta gefe yadda zai nuna an ci, na tura naman ƙasa, na rufe, na turo mata.

Ta dube ni, ta dubi akushin. Ta ɗauka ta zagaya bayan madafa. Ina zaune a tabarma ban motsa ba. Can na ji ƙarar yatsu suna kankare gindin akushi. Rabona da jin wannan ƙarar tun kafin Indiya, kuma sai ranar na san ina jin ta duk tsawon aurenmu.

Ba zan ce daga nan komai ya tafi daidai ba. Zama gaban cikakken akushi kullum ga mai hali irin nawa ba ƙaramin abu ba ne. Wata rana miyar yakuwa ce da kifi busasshe, na zarce. Tuwon ya tsaya mini a ƙirji kamar dutse, gumi ya karyo, na yi ta amai a bayan gida. Ta tsaya da buta a hannu tana cewa gobe za ta mayar da shi saman kabad.

Na ce, "In kin mayar zan sake hawa kujera. In ta karye da ni, ke za ki ɗaga ni."

Ta yi dariya ba ta so ba.

Sai na ga ba zan iya riƙe biyu ba, lomar yamma da kunun bakin inji. Na gaya wa mai kunu ta daina tsayawa. Ta ce ko ta yi mini laifi ne, na ce a'a, ni na yi. Na kuma gaya wa 'yata gaskiya a waya, kunun da akushin duka. Ta yi faɗa a kan kunun. A kan akushin kuwa sai ta ce, "Baba, loma uku. Ka fara da kifi ko nama kafin tuwon." Na ce naman ba nawa ba ne. Ta ce to a sa biyu.

Ƙarfen sikeli ya ci gaba da ja baya, a hankali ƙwarai, har na gaji na daina zuwa. Ban taɓa zama siriri ba, har yau ni mai jiki ne. Amma suga ya lafa, na daina ɗauke numfashi a barci. Matata kuwa kafin a girbe dawa ta warware zaren zoben. Mahaucin ya ce ashe ba iska nake ba ta ba. Da kaka muka hau gonar dutse tare, ina tsayawa ina haki, tana gaba tana jirana. Ba mu kai sama ba. Mun kai gindin ɗorawar, ta nuna mini dutsen da take ɓuya a bayansa, ta ce a tsaye take ci don kada ƙannenta su gani. Na ce shekara nawa ba ki faɗa mini ba. Ta ce ai ban tambaya ba.

Na ga auren auta. Mun ƙara shekaru masu dama tare, kowace yamma akushi yana zuwa cike yana komawa bayan madafa. Sannan Ubangiji ya ɗauke ta, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ta da alaƙa da abinci. Ni da aka yi wa tsoron mutuwa, ni aka bari.

Yanzu matar ɗana ce take dafa mini. Yarinya ce mai kirki, tana bin duk abin da 'yata ta ce, tana kawo mini a ɗan ƙaramin kwano mai murfi. Akushin yana saman kabad, ba na iya hawa kujera kuma. Kwanakin baya ta tsaya bayan ta ɗauki kwanon, ta buɗe, ta ce, "Baba, ko girkina ne bai yi maka ba? Kullum sai ka rage, kuma kifin nakan same shi a ƙasa."

Na ce girkinta ba shi da laifi.

"To in rage yawan abin da nake zubawa?"

Na ce a'a, ta bar shi haka.

Ta tafi da kwanon. Na zauna ina sauraron bayan madafa, har na ji ta kira kaji ta zuba musu.